Bawku ta Hanyar Salaga

Daga Savelugu zuwa Bawku hanya a miƙe take: ka bi ta Walewale zuwa Bolga, ka karya gabas, kafin la'asar kana cin tuwon biki. Haka na tsara da aka sa auren ƙanena a Janairu, tsakiyar hunturu. Na ari motar abokina, na sayi rigar sanyi da man kaɗe, na rubuta komai a takarda. Sai Inna ta ji labari.

"Tunda mota gare ka, biya Salaga ka gaida gwaggonka."

"Inna, Salaga kudu take, Bawku arewa."

"To, motar ba ta san kudu ba ne?"

Kafin isha'i an ƙara mini Yendi, maƙwabta sun cika but da saƙo.

Da asuba sanyi ya kama batir, sai da masallata suka tura ni har bakin titi. Nan na gano gilashin direba ba ya rufuwa. Na shiga Tamale haƙora na kaɗawa, kafin Salaga kuwa rana ta buɗe, ina dahuwa cikin rigar sanyi. Na kai ƙara wurin Gwaggo. Ta ce kakanninmu da jakuna suka taho daga Kano sayen goro, watanni a hanya, ba wanda ya ji kukansu. Sannan ta sa yara suka loda mini doya.

A hanyar Bimbilla jar ƙura ta sami man kaɗen da na lafta, ta zauna daram. Da na yi sallama a ƙofar Kawu a Yendi, ya leƙo, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, bawan Allah." Da ya gane ni, ya wanke laifinsa da zabi biyu. Bayan Gushegu ɗaya ta tsinke igiya ta fice ta tagar nan. A gangaren Nakpanduri, doya na turo ni ta baya, birki na wari, na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta cin abinci.

Na isa Bawku an riga an kai amarya, ana wanke tukwane.

Mai shirin doguwar tafiya da hunturu, duba batir, gyara gilashi, kuma kada Inna ta ji sai ka dawo.