Naira Hamsin Kowane Dami

Tsadar tumatir ce ta ja mini. A shekarar da kayan miya suka fi ƙarfin ɗan albashi, na tsaya a tsakar gida na yi wa iyali jawabi: daga bana mun daina sayen tumatir da albasa, filin bayan ɗaki da ake shanya a kansa zai zama lambu. Uwargida ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a, Malam," ta ci gaba da tankaɗe. Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke zaune tare da mu, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ƙasar gidanmu a Kaugama rairayi ce, ka zuba ruwa, kafin ka ajiye bokiti ya tafi. Gero da riɗi da zoɓo ba su damu ba, tumatir kuwa ɗan gata ne. Saboda haka da kaka ta yi, na sa aka ɗebo mini baƙar ƙasa daga fadama, wajen Marke, a amalanken shanu, na kuma karɓo takin awaki ɗanye daga turken wani abokina. Na cakuɗa, na yanka fangali, na watsa irin albasa a ɗaya, na dasa tumatir a sauran.

Ba a jima ba fangalin albasa ya yi kore shar. Tsiro siriri, a miƙe, yana sheƙi. Na kira maƙwabcina, dattijon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a noman shinkafa, don ya zo ya ga hannun albarka. Ya durƙusa, ya sa yatsa ya tono ɗaya, ya shinshina, ya miƙo mini.

"Malam, wace irin albasa ce wannan?"

"Mai saurin fitowa ce, Baba."

"Ƙwarai tana da saurin fitowa. Aya-aya ce. Albasarka tana ƙasa tana jiran a ba ta hanya."

Ranar na fara yi mata kallon tsanaki. Ganyenta kore ne mai duhu, da kwari a tsakiya. In ta yi kara, ka murza shi tsakanin yatsu, za ka ji kusurwa uku. A ƙarƙashi kuma akwai wata 'yar baƙar ƙwaya mai tauri da gashi-gashi, cikinta fari, ga ɗaci, ga ɗan ƙamshi. Daga jikinta wata siririyar jijiya ta tafi zuwa wata ƙwayar, daga can zuwa wata, an jera su kamar carbi. Na ja a hankali, jijiyar ta tsinke, sauran suka yi zamansu a ƙasa.

Na ce ai ba ta fi ƙarfin fartanya ba. Kowace safiya kafin in tafi aiki sai in sassare fangalin tas, in tsaya in yi kallon ƙasa baƙa wuluk, in ji ni ma manomi ne. Kwana kaɗan sai ta dawo, kuma inda na sari ɗaya, sai in tarar da 'yan'uwa sun zo ta'aziyya sun ƙi tafiya. Na ƙara ƙarfin sara. Ta ƙara yawa.

Ɗan yayana, wanda ya karanta aikin gona a kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗeja, shi ya zo ya warware mini. Ya ce muddin ƙwayoyin suna haɗe, wadda ta tsiro ce ke danne sauran, su yi ta barci. Da ka tsinke jijiyar, kowace ta zama mai cin gashin kanta, sai ta farka. "Wato Baffa, kai kake ta da su kullum da asuba." Ya ƙara da cewa a wani littafi da masana ciyayi suka fitar a Amurka a 1977, inda suka jera ciyayin da suka fi addabar manoman duniya, aya-aya ce ta zo ta ɗaya, an same ta a ƙasashe fiye da 90. Na tambaye shi wace ce ta biyu. Ya nuna gindin katanga da ƙafa. Ƙiri-ƙiri ce, ta miƙe tana rarrafe, kowace gaɓa da ta taɓa ƙasa ta kafa saiwa. Ta ɗaya da ta biyu a duniya, duk suna bayan ɗakina, kuma ni na biya kuɗin amalankensu.

Takin ma bai zo shi kaɗai ba. Akuya tana cin ciyawa da 'ya'yanta, da yawa daga 'ya'yan kuma suna fitowa lafiya lau ta ɗaya ƙofar, a shirye suke su tsiro. Shi ya sa manoma ke tara taki ya yi zafi ya ruɓe kafin a kai gona. Nawa kuwa daga turke sai fangali. Tsidau ya fito, zaki-banza ta fito, fasa-ƙaba ta shimfiɗe. Ita wannan in ka cire ka yar a gefe, ganyenta mai ruwa ne, ba ta mutuwa, sai ta kafa sabuwar saiwa a inda ta faɗi.

Da bayana ya fara ƙara, sai na kawo dabarar ofis: a ba da kwangila. Na tara yaran unguwa na ce duk wanda ya ciro dami ɗaya na ciyawa daga lambuna, naira hamsin. Yammacin farko aiki ya yi kyau. Kashegari damman suka ninka. Rana ta uku suka sake ninkawa. Ina biya ina murna, sai dai lambun yana nan yadda yake. Da na kwance wani dami sai na ga ƙarangiya mai tsawon kamu biyu, ta nuna ta bushe, ga kashin-yawo, har da reshen tumfafiya, abin da ko a mafarki bai taɓa fitowa a gidana ba. Ashe shugabansu, wani mai kunnuwa a tsaye, ya raba aiki: biyu suna cikin lambu suna motsi don in gani, sauran suna bayan filin ƙwallo suna yanka, ana jefowa ta kan katanga. Duk ƙayar ƙarangiyar nan kuma ta kakkaɓe a bakin fangalina.

Su biyun da ke ciki ma ba su zauna banza ba. Da magariba na ji salatin Gwaggo daga bayan ɗaki.

"Wa ya cire mini gasaya? Ina lalon da ke gindin randa?"

Na ce, "Gwaggo, ai ciyawa ce, ita ta fito da kanta."

"Kai ɗan nan, ruwan sama ma da kansa yake zuwa, ka taɓa korarsa? Wata guda ina lallaɓa gasayar nan, ina jiran ta isa kwaɗo. Tumatirin naka da aka yi wa jawabi, ko miya ɗaya ya ba mu?"

Ban da amsa. A lambun gaba ɗaya, abin da ya kusa shiga tukunya shi ne abin da na biya kuɗi aka tumɓuke. A daren tuwo ya zo mini da miyar kuka, ba wanda ya yi mini magana.

Ran kasuwa na sayo maganin feshi, irin mai ƙone duk koren da ya taɓa, na aro famfon goyo. Masu feshi suna yi ne da sassafe, lokacin da iska ke kwance. Ni da la'asar na tashi daga aiki, iskar hunturu tana kaɗawa. Na ɗaure hanci da rawani, na bi gefen fangali ina bugawa. Kwana biyu aya-aya ta yi ja ta kwanta. Haka ma rabin tumatir. Haka ma ganyen zogalen uwargida na ƙasa-ƙasa. Haka ma kabewar Baba da ta leƙo ta kan katanga, wadda ba ta ci ba, ba ta sha ba. Na shiga ba shi haƙuri, ya ce, "Ba komai, Malam, dama ta cika leƙe." Bayan mako biyu aya-aya ta dawo da sabon ganye, a filin da yanzu babu mai yi mata gasa. Ganye kawai maganin ya ƙone, ƙwayar tana ƙasa ko labari ba ta ji ba. Ɗan yayana ya ce akwai wani iri mai bin ganye ya sauka har saiwa, amma shi ma bai san tumatir ba bai san zogale ba, kuma gidan da ke da yara da kaji da randa ba wurin ko ɗaya daga cikinsu ba ne.

Ana cikin haka sai wani baƙo ya bayyana a lungun tankin ruwa, inda famfo ke ɗiga dare da rana har wurin ya zama taɓo. Dogon ganye mai faɗi, a miƙe, mai laushi in ka matsa. Ya yi mini kyau, har na kewaye shi da bulo. Baba ya leƙo, ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hula ya sosa kai.

"Malam, kacalla kake kiwo?"

Duk wanda ke zaune a kwarin kogin Haɗeja ya san wannan suna. Da can kogin yana cika da damina ya malale fadamu, da rani ya janye, ƙasa ta bushe ta tsage. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, aka koma sako ruwa har da rani, wurare da dama suka daina bushewa, kacalla kuwa abin da take so ke nan. Ta cike hanyoyin ruwa daga nan har Nguru, ta tare laka, ruwa ya rasa hanyarsa ya faɗa gonaki da garuruwa. Ta hana masunta jefa taru, ta zama masaukin jan-baki, tsuntsayen da ke sauka a gonar shinkafa su tashi da rabon shekara. Kan kacalla ɗaya yana ɗauke da iri dubbai masu gashi, iska ta kwashe su ta kai duk inda ruwa ya kwanta. Ga ta yau ta samu famfona.

Baba ya ce su da suke gayya su shiga ruwa har ƙirji da lauje, sun san a ƙarƙashin ruwa ake yanke ta, don in kututturen ya nutse ba ta samun iska, saiwar sai ta ruɓe. Yanka a sama aski ne kawai. Na tambaye shi ni yaya zan yi da tawa.

"Kai ba ka da kogi. Gyara famfonka."

Robar naira ɗari ta kashe kacalla. Ita kaɗai ce nasarar da na samu da kuɗi.

Sauran kuwa rana ce ta yi, ba ni ba. Da bazara ta kankama, Baba ya sa na daina ban ruwa gaba ɗaya, na kafta ƙasar da zurfi, na juye ta, na bar ta a buɗe. Ƙwayar aya-aya da ta gagari fartanya da magani ba ta jure bushewa: in ta kwanta a fili cikin zafin Afrilu, sai ta ƙafe. Bayan 'yan kwanaki in sake juyawa, na ƙasa su hau sama su karɓi rabonsu. Waɗanda na gani na tsince a tsohon kwano na ƙone. Da ruwa ya sauka ya ce kada in bar ƙasa tsirara, aya-aya ba ta son inuwa. Na dasa dankali, na shuka wake da kabewa suka rufe wurin, tsakanin layuka na shimfiɗa tattakar shinkafa mai kauri. Tana huda tattakar nan ta fito, amma ɗai-ɗai, a raunane, in cire ta tun tana ganye biyu uku, da safe, rana ta ƙarasa ta. Ba ta ƙare ba. Mun dai koma zaman 'yan marina.

Lungun randa kuma ya fita daga hannuna. Gwaggo ta kafa kara ta kewaye shi, kuma ko ganye ɗaya zan cire a wajen sai na kai mata ta duba ta ce ciyawa ce.

Makon jiya da yamma aka yi sallama a ƙofar gida. Na fita na tarar da mai kunnuwan nan da rundunarsa.

"Baba, mun zo mu ji ko bana akwai aikin ciyawa."

Na ce babu. Ya waiwaya ya dubi na bayansa, waɗanda kowannensu ke riƙe da dami an riga an ɗaure, ya ce, "To waɗannan fa? Sai dai ka karɓa a talatin-talatin."