Na Biya Kuɗin Ganin Dorina a Yawuri

Mutumin Dareta ba ya tsoron rami. Ku ba shi diga da tocila, zai bi jijiyar zinari cikin ƙasa har a daina jin muryarsa, ya fito yana tambayar tuwo. Ruwa ne dai ba mu saba da shi ba. Babban ruwan da na sani shi ne Gulbin Zamfara da ke wucewa ta Gummi, shi ma da rani janyewa yake yi.

Bikin wani abokin cinikinmu ne ya kai mu Yawuri, ni da taubashina, ɗan kawuna, malamin firamare a Anka, wanda bai taɓa karanta abu ya bar shi a cikinsa ba. Muka bi ta Daki Takwas, muka ratsa ƙasar Zuru, muka ɓulla Koko, muka gangara. Tun a mota yake nuna mini a waya yadda Turawa ke biyan kuɗi a kai su tsakiyar teku su kalli ƙatuwar halittar nan irin wadda ta haɗiye Annabi Yunusa. Ya ce shayar da 'ya'yanta take yi, kuma masana sun gano cewa duk cikin dabbobin da ke raye babu 'yar'uwarta ta kusa kamar dorina.

Na ce ashe mu ma muna da tamu a gida. Dama akwai tsohuwar magana tsakanina da dorina. Fatarta ta sha sauka a gadon bayana a makarantar allo, ya kamata in ga mai fatar ido da ido.

Washegarin ɗaurin aure, bayan mun yi kalaci mai nauyi, muka nufi kwata. Ga buhunan albasa, ga banda, ga giwan ruwa ana ciniki, ga Kwara ta shimfiɗe har ido ya gaji. Aka nuna mana wani tsohon Basarke yana ɗinkin koma. Na gaishe shi, na faɗi buƙata.

Ya ɗaga kai ya dubi rana. "Malam, yanzu ba lokacinta ba ne. Ka zo bayan asuba, sa'ad da take komawa ruwa daga ɓarnar shinkafar mutane, ko kuwa da la'asar sakaliya. Mu tafi da filafili, ba hayaniya, mu tsaya nesa. Kowa ya sa rigar ruwa."

"Baba, amma dai za mu gan ta?"

"In Allah ya so. Ni ban yi alkawari da ita ba."

Wannan amsa ba ta yi mini ba. A wurinmu in ka sayi buhun dutse, aƙalla an ba ka dutsen. Ina cikin ɓata rai sai ga wani saurayi da baƙin tabarau ya kama hannuna biyu-biyu.

"Alhaji, kada tsofaffi su ɓata maka lokaci. Jirgina mai inji ne. Yanzu-yanzu in kai ka gidansu, uwa da uba da 'ya'ya. In ba ta fito ba in mayar maka da kuɗinka. Kuma rabin na Baba za ka biya."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma yaron ya hango cancanta. Na tambayi rigar ruwa, ya ce tana wanki. Taubashina ya raɗa mini cewa a 2021 jirgi ya nutse da mutane masu yawa a kusa da Warrah, a wannan ruwan. Na ce masa wancan lodi ya yi masa yawa, mu kuwa mu uku ne. Ya ce araha ba ta ado. Na ce malaman makaranta ba su san ciniki ba.

Muna barin gaɓa saurayin ya miƙo mini rabin jarka. Na ɗauka kujera ce. Ashe ta kwalfar ruwa ce, don jirgin yana yoyo daidai ƙarƙashin sabon takalmina. Haka na zama fasinja kuma ɗan kwalfa, cikin shaddar biki. Ya ƙure inji, ya kuma ƙure rediyo, yadda duk dorinar da ke tsakanin Yawuri da Kainji za ta ji tahowarmu ta nemi wuri.

Can ya yi ihu: "Ga ta nan!" Wani baƙin tudu ne a tsakiyar ruwa. Muka zagaya shi muna ɗaukar hoto. Taubashina ya ce dorina ba ta wuce kamar minti 5 a ƙarƙashin ruwa ba tare da ta ɗago hanci ba, wannan kuwa ba ta da hancin ma. Saurayin ya ce barci take yi. Sai wata balbela ta tashi daga kanta, muka ga gansakuka. Dutse ne. Ta biyu da ya nuna mana tana da ƙaho, kuma akwai Bafulatani a bayanta yana ninƙaya da sanda a baki.

Daga nan inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Saurayin ya girgiza tanki, ya ce kuɗin da na biya na zuwa ne, man dawowa daban. Babu filafili a jirgin, wai an ara. Ruwa ya ɗauke mu yana tafiya da mu kudu a hankali. Iska ta cire mini hula, na bi ta da ido.

Wannan ne lokacin da taubashina ya zaɓa ya koyar da tarihi. Ya ce tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye gungu da dama da tsohon garin Busa, aka tashi dubban mutane aka sake musu mazauni, don haka akwai kufai da kututture a ƙarƙashinmu. Ya ce a 1806 Bature Mungo Park ya biyo ta nan Yawuri a jirgi, ya sauke ɗan jagoransa, ya ci gaba.

"Sai ya isa ina?" na tambaya.

"Busa. Can ruwa ya ci shi."

"Wace hanya ce Busa?"

Ya nuna inda muka dosa.

Rana ta yi sanyi sa'ad da muka hango kwalekwale yana tahowa ba ƙara. Tsohon ne, ya fito duba tarunsa. Bai ce uffan ba. Ya jefo mana igiya, ya cire rigar ruwansa ya miƙo mini, ya shiga ja da mu ta gefen wani gungu mai ciyawa. Yana tuƙi yana ba mu labari ƙasa-ƙasa, cewa jaruman Gungawa da zago suke fita mata a dā, kuma daga nan bikin Rigata ya samo asali. Ya ce mai ɗa ita ce abar tsoro, kuma kada jirgi ya kuskura ya shiga tsakaninta da zurfi. Taubashina ya ƙara da cewa namijin yakan kai tan ɗaya da rabi, kuma ba iyo suke yi ba, ƙasan ruwa suke takawa. Na roƙe shi don darajar kawu ya yi shiru.

Tsohon ya tsai da filafili. "Ku natsu. Ga kunnuwa can."

Sai wani gurnani ya taso, kamar an ta da injin niƙan dutse a cikin rijiya. Ni dai na ga ya dace wani ya duba lafiyar katakon ƙasan jirgin, don haka na kwanta rubda ciki a cikin ruwan da ban gama kwalfewa ba, na rufe ido don in fi mai da hankali, na kama addu'ar Annabi Yunusa. An ce ta ɗago kai. An ce ta yi hamma har ana ganin haure. An ce akwai ɗan ƙarami a gefenta. Saurayin ma, wanda ya yi mini alkawarin gidansu, ya ce yau ya fara ganinta kusa haka.

Da muka taka ƙasa na nemi kuɗina, tunda ban ga dorina ba. Magana ta kai gaban dattawan kwata. Saurayin ya ce shi cewa ya yi in ba ta fito ba, kuma ta fito. Aka tambayi shaida, ɗan kawuna na jini ya ce ta fito. Aka yanke cewa in biya man dawowa, ko da yake ba mai ne ya dawo da mu ba. Tsohon da ya ja mu ya ƙi karɓar ko sisi, rigarsa kawai ya nema, ya ce in na sake zuwa in zo da asuba, in kuma zo da idona.

Wayata na hannuna duk lokacin, tana ɗauka. Hoton bai nuna komai ba sai jarka da yatsun ƙafa, amma murya ta fita tangaram: ga gurnani, ga wani mutum yana kiran Inna yana yafe wa duk wanda yake bi bashi. Taubashina ya tura wa kansa kafin in farga. Yanzu haka an saurara a Anka, an saurara a Bukkuyum, kuma mutum biyu a Dareta sun riga sun aiko mini da godiya.