Likitocin Tarakta

Daga Tasawa har Mayahi, babu abin da ke tara masana kamar tsohuwar Massey Ferguson da ta ƙi tashi washegarin ruwan shuka. Kafin mai ita ya gama salati, an kewaye ta.

Na farko shi ne mai cewa batir ne. Kullum batir ne. Zai goga sifana a kan batirin, wuta ta yi tartsatsi, ya ja da baya yana murmushi. Sai ɗan kabu-kabu, wanda ya rantse karbireta ce ta toshe, a injin gazuwal da bai taɓa samun karbireta ba. Akwai mai cewa a tura, a cikin yashin Gulbin Kaba, kuma shi ciwon baya gare shi.

Amma gwanina shi ne tsohon karen mota. Ya bi hanyar Agadas a zamanin Kunce, saboda haka ba ya gaggawa. Zai zagaya tarakta, ya shuri taya, ya zaro sandar awon mai, ya murza da yatsa, ya sunsuna. Sannan ya kafa kunne a jikin injin da ko tari bai yi ba, ya ɗaga hannu a yi masa shiru. "Alhaji, wannan injin ya gaji." Shi ke nan ganewar. Daga nan sai labarin wata Berliet da ya tayar a Tanut da igiya da Fatiha, kuma duk shekara kayan da ke kanta ƙaruwa suke. Hannunsa ba ya taɓa baƙi, amma shayi ba ya wuce shi.

Mu masu jiran a nome mana gona muna gefe, muna ba da shawara gwargwadon kuɗin da muka riga muka biya.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai kwance famfon gazuwal. Ba wanda ya kira shi. Iska ce kawai ta shiga layin mai, abin da yaron makanike zai sassauta ƙusar filta, ya buga famfon hannu har kumfa ta ƙare, a wuce wurin. Shi kuwa sai ya baje famfon a kan buhu, iska na kwaso rairayi tana zubawa, ya ɓatar da wata 'yar waya, ya ce ana kiran salla. Daga nan sai Maraɗi neman kaya, mako guda tarakta na zaune, damshin ƙasa na tafiya. In ka gan shi ranar kasuwa, shi zai fara tambayarka ko an samu makanike na kirki.