Da wane ido Sarkin Musulmi ya riƙe Kano?

Na ji labarinku, 'yan fadar gindin bishiya a Dungu. Wai ba a shugabantar mutanen da ba a gani, wai aiki daga nesa yaudarar Turawa ce da korona ta haifa a 2020. To Kawu, ajiye kofin shayin mu yi lissafi.

Muhammadu Bello ya yi sarautar Sakkwato daga 1817 zuwa 1837. Kano da Zazzau na ƙarƙashinsa, ba Zoom, ba waya. Wasiƙa ce, da manzo a kan doki, da Waziri Giɗaɗo mai zagayawa ya ga abin da aka yi. Alhassan Ɗantata, da ya rasu a 1955, yana Kano yaransa na sayen gyaɗa a ƙauyuka. Shi ma Turawa ne suka yaudare shi?

Bar manya, mu dawo gida. Ɗanka na cin rani a Agadas ko Aljeriya, amma shi ke faɗin ranar da za a sare raken fadama, shi ke turo kuɗin 'yan ƙwadago ta kamfanin Nita, kai kuma ka je Matamaye ka karɓo kana murmushi. Ran nan ban ji ka ce ba ka yarda da shugaban nesa ba.

Za ku ce, ai in ba ido sai a yi barci. Da ido ma ana yi, shi ya sa muke da aikin ganin ido. Mai gona na tsaye, hauya na tashi. Ya juya baya, an koma inuwa. Abin da ke riƙe aiki daban ne. A yanka wa kowa nasa: kunya nawa, zuwa wace rana. A naɗa wakili ɗaya, don saƙon da aka jefa wa mutum goma a WhatsApp ba na kowa ba ne. A sa ranar jin bayani, ko da Juma'a bayan masallaci. A biya a kan lokaci. Sannan a ƙirga damman gero, a daina ƙirga kiran waya.

Wanda ke bugo wa yaransa waya sau ashirin kafin azahar kuwa, katinsa kawai yake ƙonawa.

Kawu, na ga kana girgiza kai. Ba laifi. Bari in gaya wa ɗanka ya riƙe kuɗin watan nan har sai ya zo ya miƙa maka ido da ido.