Masu Sayen Injin Goge Katako, Kowa da Halinsa

Injin sanfefa mai bel da faifai a jiki ɗaya ba shi da wani sirri. Moto guda ne ke juya su biyun: bel na gudu a kwance ko a tsaye, faifai na juyawa a gefe da ɗan teburi a gabansa. Wanda aka fi saye don ɗan shagon kafinta na cikin gida shi ne mai bel inci 4 a faɗi, 36 a tsawo, da faifai inci 6. Akwai ƙaramin mai bel 1 da 30, akwai kuma babban mai 6 da 48. Zaɓin bai wuce na minti goma ba, amma sai masu saye su shigo da halayensu.

Na farko shi ne mai ƙirga dawaki. Tambayarsa ɗaya ce: ƙarfin doki nawa? Aka ce masa rabi, sai ya yi tsaki kamar an zage shi. Aikinsa bai wuce allon yara da ƙotar guduma ba, amma babban zai saya, mai faifai inci 12, wanda sai an kira majiya ƙarfi kafin a sauke shi. Ranar gwaji ce yake gano cewa irin wannan moton yana jan wuta ninki-ninki a lokacin tashi. Ɗan janaretansa ya yi tari sau biyu ya mutu. Tun daga ranar injin ya koma wurin ajiye gwangwanin fenti, kuma ko yanzu maigidan na nuna wa baƙi shi.

Sai ɗan oda, wanda ba ya sayen komai a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, sai daga Amurka. Ya haddace WEN da Jet da Grizzly kamar sunayen 'ya'yansa. Abin da bai haddace ba shi ne wutar can bolt 120 ce mai juyi 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 230 ce mai juyi 50. In ya yi gaggawar jonawa, hayaƙi ne zai karanta masa. In ya yi hankali ya sayi taransifoma, ta gyara masa bolt, amma juyin yana nan yadda yake, don haka moton zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, ya kuma fi saurin ɗaukar zafi. In ma ya faɗa kan bel mai baƙon awo, shi ke nan, duk ɗan'uwan da zai dawo gida sai ya sako masa sanfefa a tsakanin tsarabar yara.

Mai neman arha ya fi su ban tausayi. Ya ga inji biyu, awonsu ɗaya, launinsu ɗaya, kuɗinsu ya sha bamban, sai ya ce suna kawai ake sayarwa. Nasa gindin langa-langa ne, ɗayan zubin ƙarfe. Da ya kunna, injin ya kama tafiya a kan benci, bel ya zame gefe yana cin jikin murfi, shi kuma yana murɗa ɗan notin saiti dama da hagu yana salati. Teburin faifan ba ya tsayuwa inda aka ɗaure shi. Firam ɗin hoton da ya goge wa kusurwa 45 ya haɗu a lungu uku, na huɗu ya buɗe baki. Ya ce laifin katakon Na'ibawa ne.

Mai bincike ba ya ɓata wa kowa katako, domin bai taɓa saye ba. Ya san kowane samfuri, yana jiran kuɗin ya sauka.

Akwai mai ƙarfin hannu, wanda ya ɗauka gugar da dannawa ake yi. Ya ɗora sanfefa mai lamba 220, wadda ta gamawa ce, yana son ta cinye masa rabin inci, aikin da lamba 60 ko 80 za ta yi cikin sauƙi. Maɗaci ya ƙone ya yi baƙi, bel ya toshe. Daga nan ya koma kan faifai, ya kafa katakon a ɓangaren da ke hawa sama maimakon wanda ke sauka kan teburi. Katako ya tashi ya wuce ta gefen kunnensa. Washegari yana shagon mai kaya da sassafe, wai an sayar masa da inji mai aljanu.

Wanda ba ya ba ni dariya sosai shi ne mai raina ƙura. Bututun da aka yi don jona mazuƙin ƙura, shi a wurinsa ado ne. Takunkumi kuwa na masu tsoro ne. Tun 1995 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar, musamman a hanci, kuma ƙurar iroko ta yi suna wajen tayar da asma. Duk wannan bai dame shi ba. Abin da ke sa shi sayen tiyo a ƙarshe shi ne uwargida, ranar da ta kwashe shanyarta ta tarar farin mayafi ya koma ruwan ƙasa.

Tsohon kafinta shi kaɗai ke zuwa da sikwaya a aljihu. Ya ɗora ta tsakanin teburi da faifai, ya girgiza teburin, ya ɗaga injin ya ji nauyinsa, ya tambaya ko ana samun bel ɗin a garin nan. Bai tambayi doki ba. In ni ake tambaya, a bi bayansa a sayi irin nasa.

Saura maƙwabci. Shi ne ya fi kowa ba ka shawarar ka sayi babba, har rakiya zai yi maka, ya taya ka ciniki. Bayan kwana biyu sai ga sallama: "Maigida, an tashi lafiya? Ɗan wasa adda nake so, minti ɗaya." Tartsatsin ƙarfe kuma cikin garin katakon da ya taru a injin yake faɗawa, abin da ke tayar da gobara. Ka yi masa bayanin nan tiryan-tiryan, ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, sannan ya leƙa waje ya kira yaronsa ya shigo da wuƙaƙen layya.