Tambarin Brompton da Aljihun Mai Keke

Keken Brompton, wanda Andrew Ritchie ya ƙirƙiro a Landan a 1975, naɗe shi ake yi kamar tabarma a shiga jirgin ƙasa da shi. Sai dai bayan kuɗin keke akwai na jaka da fitila da sirdi, kowanne da tambarin kamfani da farashinsa mai sa gumi.

Sai ga masana'antun China da Taiwan sun fito da nasu da araha. Jakarsu tana zama a gaban keken daram. Ƙararrawa kuwa, ta kamfani da ta kasuwa duk ƙara ɗaya suke yi, kuma ba a taɓa ganin mai tafiya a ƙasa ya tsaya duba tambari kafin ya kauce ba.

Amma a wajen birki da ƙarfen da ke ɗaure mahaɗar keke, nan ne araha ba ta ado. In ƙarfen ya saki a gangara, keke zai naɗe kansa alhali kana bisa. Saboda haka a sayi waɗannan na asali. Jaka kuwa, mai tambari ce ko marar tambari, burodin da ke ciki ɗanɗanonsa ɗaya.