Daga Agege zuwa Kano, ciki a ɗaure

Mu mutanen Agege da Mile 12 akwai zancen da ba ma yi sai bayan Isha'i, a bencin mai shayi, shi ma ƙasa-ƙasa: "Alhaji, yau kwana uku ban zaga ba." Duk mai bin tirelar tumatir da albasa, ko mai rako shanu mayankar Oko-Oba, ya san wannan hali.

Kuma da hannunmu muke jawo shi. Tun daga Ibadan muke rage shan ruwa don kada mu dami direba da tsaye-tsaye. Ciki ya motsa a Jebba, mu matse mu ce sai Mokwa, a je Mokwa a tarar bayin ba ya shiguwa. Cimarmu kuwa burodin Agege da shayi, tsire, Indomie da ƙwai, ga zama wuri ɗaya yini da kwana. Shi hanji aikinsa tsotse ruwan abin da ya tsaya a cikinsa, iyakar daɗewarsa iyakar bushewarsa. Samarin da ke haɗiyar tramadol don ƙarfin lodi nasu ya fi tsanani, domin ƙwayar tana rage motsin hanji.

Ana sauka sai kemis: "Malam, ba ni na wankin ciki, mai ƙarfi." Dulcolax da aka fi miƙo mana yakan ɗauki awa 6 zuwa 12 kafin ya kama aiki, shi ya sa ake shansa da dare a masauki. Wanda ya haɗiye shi a tasha ana ɗaure kaya, a dajin Kontagora zai same shi. Na ruwan nan, lactulose, ya fi sauƙi, amma sai ya yi kwana ɗaya ko biyu, kuma yana son ruwa sosai. Filaskon da iyayenmu mata ke dafawa da tsamiya magani ne na gaske, da irinsa ake yin wasu ƙwayoyin kemis, sai dai na gora ba shi da awo, murɗarsa kuwa ba ta da daɗi.

Abin da ke damuna shi ne waɗanda suka mai da abin ka'ida, kowace tafiya sai sun sha, ɗaya ta daina yi su koma biyu. Zawon yana tafiya da ruwa da gishirin jiki, mutum ya wayi gari ba ƙarfi, kuma in direba ne shi zai riƙe sitiyari. Alhali ga abubuwan da ke sassauta ciki a kusa: gwanda, lemu da kankana suna nan jibge a Mile 12, miyar kuka da kuɓewa ba su gagare mu ba, ledar ruwa kuma tana shiga aljihun mota.

Mu daina kiran komai basir. In an ga jini, ko ciki ya kumbura da amai, ko ana ramewa, ko abin ya kai makonni, a ajiye gorar magani a nufi asibiti, ga babban asibitin koyarwa nan a Ikeja.